Haliru Mai Jin Kifi

Na fara ganin Haliru a watan Janairu na shekarar 1974, mako biyu bayan an turo ni Bungudu koyarwa. Ni mutumin Tsafe ne, a gindin duwatsu aka haife ni, daga can aka kai ni makarantar mishan a Gusau, inda aka koya mana mu tafasa ruwa kafin mu sha, mu yanke farce ran Asabar, mu kuma rubuta kwanan wata a saman kowace takarda. Kifi kuwa ban san shi ba sai a cikin miya. Shi Haliru a bakin gulbi ya tashi. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka. A lokacin yana da shekara ashirin da huɗu, baƙi ne siriri mai dogayen hannuwa, ba shi da yawan magana. Shi ke kawo mini kifi gida duk ranar Laraba, a cikin ƙwarya, da ransu.

Abin da ya sauya masa suna ya faru ne da rani, a 1976. Yana jan mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a ruwa, sai wata ƙugiya ta tsage masa yatsan manuni. Bai kula ba, ya ci gaba da ja. A ƙarshen igiyar sai ga wani babban miligi. Ga wanda bai san shi ba, miligi kifi ne mai santsi, mai dogon baki da ya lanƙwasa ƙasa, da 'yan ƙananan idanu da siririyar wutsiya. Haliru ya kama shi ta wutsiyar da hannun da ya ji ciwo, sai ya ji wani abu yana tsikarar bakin ciwon, tsit, tsit, tsit, a jere.

Kowa a bakin gulbi ya san minjirya, kifin da in ka taɓa shi yake ba ka wuta har hannunka ya mutu. Amma miligi ba wanda ya taɓa jin tsoronsa, mata ma da hannu suke kama shi. Haliru ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu ya riƙe kifin nan ya daɗe. Ya lura in ya kawo ɗaya hannun kusa da kan kifin, tsikarar tana ƙara sauri. In ya mari ruwa da tafinsa, sai ta ɗauke gaba ɗaya, can kuma ta dawo. Da ya gama gwadawa, ya cire masa ƙugiya ya sake shi.

Da rana ya je gindin tsamiyar da masunta ke zama suna gyaran koma, wato ragar kamun kifi, ya faɗa musu cewa miligi ma yana da wuta irin ta minjirya, sai dai tasa ƙarama ce, kuma ba ta faɗa ba ce, kamar da ita yake lalube. A cikinsu akwai Bawa, sa'ansa, tare aka yi musu kaciya, mutum mai baki wanda in ya fara zolaya sai an riƙe ciki. Bawa ya zaro wani miligi daga ƙwarya, ya riƙe wutsiyarsa, ya kanga shi a kunne, ya ce kifin yana gaida Haliru da gajiya, yana kuma tambayar lafiyar gida. Kafin la'asar sunan ya zagaya gari: Haliru Mai Jin Kifi.

Washegari ya zo makaranta wurina, da Bawa da wasu mutum uku a bayansa, saboda ni ne malamin kimiyya. Na ɗauko littafina mai koren bango, na buɗe babin kifaye, na karanta shi daga farko har ƙarshe. Minjirya kaɗai aka ambata. Na rufe littafin na ce masa, a gabansu, littafi bai san wannan magana ba, wataƙila zafin ciwon ne ya ji. Ya ce, "To, Malam." Ya gaishe ni ya tafi. Ran Laraba ya kawo mini kifina kamar kullum.

Ba zan ce sunan ya rusa shi ba. Ya auri Delu daga Kekun Waje, sun haifi 'ya'ya shida, huɗu suka rayu. Yana noman gero da dawa da damina, ya koma ruwa da rani. Amma daga wannan rana maganarsa ta rage nauyi. In ya ce gulbi zai kawo ruwa da wuri, a kwashe mamari, sai wani ya tambaye shi ko kifi ne ya faɗa masa, a yi dariya, a bar igiyoyi a ruwa. In ruwan ya zo ya tafi da su, ba mai tunawa cewa ya faɗa. Da masunta suka nemi wanda zai riƙa yi musu magana a gaban hukuma, duk da an san ba wanda ya kai shi sanin gulbin, sai aka tsallake shi aka ba Bawa. Shi kuma ya daina sayar da miligi. In ya faɗa komarsa sai ya mayar da shi ruwa, Delu ta yi ta mita cewa kifi mai nama irin wannan ake yarwa. Bai ƙara tayar da maganar a gaban mutane ba. Sau ɗaya tak, shekaru bayan nan, ya ce mini duk lokacin da ya ji ciwo a hannu yakan sake gwadawa, kuma ya ji abin sau goma sha ɗaya. Na yi murmushi na sauya zance.

An mayar da ni Gusau a 1981, na zauna a Sabon Gari har na yi ritaya. A cikin ɗaliban da na koyar a can akwai Hanatu, 'yar Malam Lukuman mai gyaran rediyo, yarinya da ta tashi cikin wayoyi da batira a shagon ubanta. Ta yi jami'a, ta wuce ƙasar waje, muka riƙa jin labarinta daga nesa. A watan Maris na 2023 ta zo ganin mahaifiyarta, ta biyo ta gaishe ni ranar wata Lahadi. Ta zama Dakta Hanatu, amma har ƙasa ta durƙusa. Na tambaye ta wane irin aiki take yi. Ta ce tana binciken ƙwaƙwalwar kifaye masu lantarki.

Na ce minjirya ke nan. Ta ce a'a, ƙananan masu wuta ta fi sha'awa, irin miligi da danginsa. Ta bayyana mini cewa a gindin wutsiyar miligi akwai wata gaɓa da ke fitar da lantarki kaɗan-kaɗan, wanda hannun mutum ba ya ji, sai fa in kifin babba ne kuma fata ta tsage. Da wannan lantarkin yake gane dutse da saiwa da abinci a cikin ruwan da ido ba ya gani, da shi kuma yake sanin 'yan'uwansa. Aikinta shi ne gano yadda ƙwaƙwalwa ke ba wutsiya umarni, yaushe ta yi sauri, yaushe ta yi shiru.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko littafin mai koren bango, wanda har yau yana nan. Na zauna na ba ta labarin Haliru, ban rage komai ba, har da abin da na faɗa masa a gaban mutane. Da na gama, ta ce tana da wata 'yar na'ura a jakarta, wayoyi biyu da ƙaramar lasifika, wadda ke mayar da lantarkin kifi ya zama sauti. Ran Alhamis za ta koma, Litinin kuma ta mahaifiyarta ce, don haka Talata da Laraba kawai gare ta, kuma yadda hanyoyi suka zama a yanzu ba za ta yi nisa da gari ba. Bungudu dai ana iya zuwa da safe a dawo da rana.

Ran Litinin na riga ta zuwa. Na sami Haliru a zaurensa, yana da shekara saba'in da uku, hannuwan nan sun bushe amma ba su rawa. Na faɗa masa duk abin da Hanatu ta ce. Ya saurara har na gama. Can ya ɗago ya tambaye ni ko Bawa zai zo. Na ce za a kira shi, da duk wanda ya rage daga cikin na gindin tsamiya. Ya ce to zai kawo kifin da safe.

A nan na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Na ga cewa aikin kimiyya za a yi, kuma ni aka koya wa yadda ake shirya shi. Na taho daga Gusau da babban bahon ƙarfe, na goge shi da toka da sabulu har yana ƙyalli. Na sa aka tafasa ruwan famfo, aka zuba a jarkoki biyu aka toshe, ya huce. Ban tambayi Hanatu ba, don ban ga abin tambaya a cikin tsabta ba.

Ran Talata da misalin ƙarfe takwas Haliru ya iso gindin tsamiya da tukunyar ƙasa a kai, da miligi mai tsawon kamu ɗaya a ciki, cikin ruwan gulbi mai laka. Mutane sun fara taruwa. Na ce a juye kifin a baho. Ya dubi bahon, ya dube ni.

"Malam, ba a sa miligi cikin ƙarfe," in ji shi a hankali. "Kuma ba a sauya mishi ruwa. Haka munka iske."

Na tambaye shi dalili, ya ce bai san dalili ba, kakansa dai bai taɓa yi ba, in za a kai miligi da rai sai a ƙwarya ko tukunyar ƙasa, da ruwan gurbin da aka kama shi. Na ce masa wannan ruwan ya yi datti, ba wanda zai ga kifin a ciki, kuma na'ura tana son wuri mai tsabta. Ya ce, "To, Malam," da irin muryar da ya faɗe ta a 1976. Ya sa hannu ya ɗauki kifin ya saka a baho.

Motar Hanatu ta daɗe a shingayen hanya, ba ta iso ba sai sha ɗaya saura kwata. Kafin nan kifin ya daina zagaye, ya kwanta a gefe ɗaya yana buɗe baki. Ta gaida dattawa, ta leƙa bahon, na ga fuskarta ta sauya. Ba ta ce mini komai a gaban jama'a ba. Ta tsoma wayoyin, ta kunna lasifika. Ba abin da ya fito sai shuuu, irin na rediyon da ya rasa tasha. Ta matsar da wayoyin kusa da wutsiya, ta jira. Shiru.

Bawa yana zaune a kan turmi da sandarsa, ya tsufa amma bakin na nan. Ya ce, "Ɗiyata, ƙila Turanci yake ji. Yi mishi da Turanci." Aka yi dariya. Ya juya wurin Haliru ya ce ko kifin ya yi fushi ne don ba a aiko masa da goron gayyata ba. Haliru ya ci gaba da kallon bahon. Kifin ya mutu kafin azahar, mutane suka watse.

Da muka rage mu uku, Hanatu ta tambaye ni wane ruwa ne wannan, na faɗa mata. Cikin ladabi ta ce ruwan da aka tafasa aka toshe ba iska a cikinsa, kifi ba zai iya numfashi ba, ga kuma maganin da ake sa wa ruwan famfo. Ƙarfen kuwa yana janye lantarkin kifin ta kowane gefe, ya rikita shi, ya hana na'ura kama komai. Ta dubi tukunyar ƙasar da ke ajiye a gefe da ruwanta mai laka, ta ce da a cikinta aka bar shi da tuni an ji. Na ce Haliru ya faɗa mini, ni na ƙi. Na roƙe shi gafara a gabanta, na kuma roƙe shi ya kamo wani gobe.

Ya girgiza kai. "Na kashe ɗaya don sunana, Malam. Ya isa."

Na fara lallashinsa, Hanatu ta dakatar da ni. Ta ce, "Baba, ba sai an kama ba. In kun san inda suke wuni, mu za mu je musu." Sai ya ce akwai wani gurbi, tafiyar minti ashirin daga gari, inda wata bishiyar giyayya ta faɗa ruwa shekarun baya. A ƙarƙashin saiwoyinta suke fakewa da rana. Ba ya jefa koma a wurin.

Saura Bawa. Bayan la'asar na je gidansa da kaina, na faɗa masa laifin nawa ne, na bayyana masa batun ruwan da bahon. Ya ce shi ma ya yi mamakin ganin miligi a ƙarfe, amma ya ɗauka mu 'yan boko mun san wani abu. Na roƙe shi ya zo gobe. Ya ce, "Malam, kai ma kifin sun fara yi maka magana?" Amma ya ce zai zo, don ya daɗe bai yi dariya irin ta yau ba.

Ran Laraba da ƙarfe tara muka isa gurbin. Ba taro wannan karon: ni, da Hanatu, da Haliru, da Bawa, da masunta huɗu. Gulbin ya janye, sai rairayi da gurabe nan da can. Ruwan gurbin kore ne, ba a ganin kamu ɗaya a cikinsa. Hanatu ta ɗaura wayoyin a bakin doguwar sandar Haliru, ta miƙa masa, ita ta riƙe lasifikar a bakin gaɓa. Ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa iya ƙugu, a hankali, ya zura sandar ƙarƙashin saiwoyin.

Ba a ji komai ba. Bawa ya gyara murya. Haliru, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce a dakata, shigarsa ce ta tsorata su. Na dubi agogona. Daƙiƙa ashirin suka wuce, talatin. Sai lasifikar ta ce tak. Ta ƙara cewa tak, tak. Sannan wani ya shigo daga gefe, da wani, har sautin ya zama kamar farkon yayyafi a kan rufin kwano.

Bawa ya ce ai ita 'yar mai gyaran rediyo ce, akwatin ne ke ƙara da kansa. Hanatu ta ce a fitar da sandar daga ruwa. Aka fitar, sautin ya ɗauke. Aka tsoma ta a tsakiyar gurbi inda ba saiwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba, can nesa. Aka mayar ƙarƙashin giyayya, yayyafin ya dawo.

Daga nan Haliru ya riƙe sandar da hannun hagu, ya ce, "Yanzu za su yi sauri." Ya nutsa hannun dama ya kai shi kusa da saiwoyin a hankali. Sautin ya haɗe ya zama kamar ana yage ƙyalle. Ya janye hannun, ya lafa. Ya ce, "Yanzu za su yi shiru." Ya mari ruwa da tafinsa. Lasifikar ta mutu. Na ƙirga daƙiƙa huɗu a agogona kafin tak na farko ya dawo.

Hanatu ta zauna a kan rairayi tana dubansa. Ta ce wannan saurin da wannan shirun su ne abin da ta shafe shekara goma sha biyu tana bi a cikin ƙwaƙwalwar kifi. Ta bayyana wa masuntan cewa duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta aika wa wutsiya umarni, takan aika wani saƙon zuwa ɓangaren da ke saurare, ta sanar da shi cewa wannan mai zuwa namu ne. Da haka kifin ke bambanta wutarsa da ta maƙwabcinsa, ko da su goma ne a rami ɗaya. In sabon abu ya matso, ƙwaƙwalwa ta ƙara sauri don ta gane shi sosai. In ya tsorata, ta tsayar da wutsiyar cak. Ta ce ita da injuna ta gano rabonta na wannan, Baba Haliru kuwa da yatsa ɗaya. Sannan ta yi ta yi masa tambayoyi kusan awa guda, ina suke komawa in ruwa ya cika, wane wata suke haɗuwa da yawa, wane kifi ne in ya shigo gurbi suke lafewa. Tana rubutawa, yana amsawa daga cikin ruwa.

Duk wannan lokacin Bawa yana zaune a bakin gaɓa. Can ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwan da rigarsa. Ya ce a ba shi sandar mai wayoyin. Haliru ya miƙa masa. Ya zura ta ƙarƙashin saiwoyin, ya saurara, ya mari ruwa da kansa, ya jira har sautin ya dawo. Ya sake yi.

"Haliru," in ji shi, "shekara arba'in da bakwai. Mi ya hana ka kama hannuna ka yanka mini yatsa tun ran nan, mu huta?"

Haliru ya ce ya yi tunanin haka sau da yawa, ba yatsa kaɗai ba. Masuntan suka yi dariya, Bawa ya fi kowa.

Hanatu ta koma ran Alhamis da sautin gurbin a na'urarta. Ni kuma da na isa gida na buɗe littafin mai koren bango, shafi na 112, na rubuta gyara a gefe da jan biro, na sa sunan Haliru da kwanan wata.

Sunan Mai Jin Kifi bai bar shi ba, kuma ba na jin zai bar shi. A farkon watan Yuni na waccan shekara na je Bungudu gaishe shi, na iske su a gindin tsamiya. Ya dubi gabas, ya dubi launin ruwan, ya ce gulbi zai kawo kafin jibi, a kwashe mamari. Bawa ya tambaye shi ko kifi ne ya faɗa masa. Yana tambayar yana laluben takalminsa, sauran kuma sun riga sun miƙe sun nufi ruwa.